Rigimar ɗakin canza kaya a wuraren aiki na Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

A 'yan shekarun nan kotunan ƙwadago na Birtaniya sun sha fama da wata irin ƙara da ba a saba ji ba: ma'aikata mata suna kai masu ɗaukar su aiki kotu a kan barin masu sauya jinsi su shiga bandaki ko ɗakin canza kayan mata. Mafi yawan hayaniyar a asibitocin gwamnati na NHS take, inda 'yan Najeriya da dama ke aikin jinya.

Su waye masu sauya jinsi? Su ne mata-maza?

A'a. Mata-maza shi ne wanda aka haifa da halittar da ba ta fito fili ba. Mai sauya jinsi kuwa an haife shi namiji ko mace sarai, amma yana jin cewa shi ɗaya jinsin ne, yana kuma rayuwa a haka: suna, sutura, wani lokaci har da magani ko tiyata. Tun 2004 Birtaniya ke da dokar da ke ba irin wannan mutum takardar shaidar sabon jinsinsa. A 2010 kuma aka yi Dokar Daidaito, wadda ta hana nuna bambanci a kan abubuwa tara, ciki har da jinsi, addini ko aƙida, da sauya jinsi. To, ɗakin canza kaya shi ne inda waɗannan ukun suka yi karo.

Me ya faru a asibitin Kirkcaldy da ake ta magana?

Daren jajiberin Kirsimeti na 2023, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi kusan shekara 30 tana aiki ta shiga ɗakin canza kayan mata a asibitin Victoria da ke yankin Fife na Scotland. Ta shaida wa kotu cewa jinin al'ada ne ya ɓata mata kaya. A ciki ta tarar da wata likita da aka haifa namiji, wadda hukumar asibiti ta ba izinin amfani da ɗakin. Aka yi cacar baki. Likitar ta kai ƙorafi cewa an ci zarafinta, aka dakatar da nas ɗin, ita kuma ta garzaya kotu.

A Disambar 2025 kotun ta yanke hukuncin da bai gamsar da kowane ɓangare ba. Ta wanke likitar gaba ɗaya. Amma ta ce hukumar lafiya ta Fife ta musguna wa nas ɗin ta wasu fuskoki, ciki har da cewa bayan ta yi ƙorafi ba a janye izinin na ɗan lokaci ba har a raba musu lokutan aiki, sannan an ja binciken ya yi tsawon da bai kamata ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne nas ɗin ta riga ta yi wa shugabanninta magana tun kafin wannan dare. Aka yi ta jan ƙafa, har aka bar mutum biyu, kowacce a gajiye da aikin dare, su warware a bakin akwatin ajiye kaya abin da ya gagari lauyoyi da 'yan majalisa.

Ba Kotun Ƙoli ta riga ta raba gardama ba?

Ta raba rabi. Ranar 16 ga Afrilu, 2025, alƙalai biyar suka yi ittifaƙi cewa kalmar "mace" a Dokar Daidaito tana nufin wadda aka haifa mace, ko da wani yana riƙe da takardar shaidar da dokar 2004 ta tanada. Ƙungiyar For Women Scotland ce ta shigar da ƙarar, kuma asalinta ba bandaki ba ne: wata dokar Scotland ce ta 2018 da ke son mata su samu rabin kujerun hukumomin gudanarwa na gwamnati, sai aka yi gardama a kan wa za a ƙirga a matsayin mace. Lord Hodge, wanda ya karanta hukuncin, ya ja kunne kada a ɗauke shi a matsayin nasarar wani ɓangare a kan wani, domin masu sauya jinsi har yanzu doka na kāre su daga wariya da musgunawa.

Sai dai kotun ba ta zauna ta tsara wa kowane ofis yadda zai raba bandakunansa ba. Shi ya sa ƙananan kotuna ke ta saɓawa. A Janairun 2026, ma'aikatan jinya mata na asibitin Darlington a arewacin Ingila sun yi nasara: kotu ta ce hukumar asibitin ta keta mutuncinsu da ta sa su raba ɗaki da wadda aka haifa namiji, ta kuma yi watsi da kokensu. Wata injiniya kuwa a Edinburgh ta kai irin wannan ƙara a kan bandaki, ta faɗi. Hukuncin kotun ƙwadago ta farko ba ya ɗaure wata kotun, sai an ɗaukaka ƙara.

To me doka ta ce a kan bandakin wurin aiki?

Akwai ƙa'idojin lafiya da walwalar ma'aikata na 1992, waɗanda aka daɗe ba a waiwaye su ba sai da rigimar nan ta taso. Sun wajabta bandakin maza daban na mata daban, sai fa idan kowane bandaki ɗaki ne mai zaman kansa da ake kulle ƙofarsa daga ciki. Wurin canza kaya ma a raba, inda kunya ta buƙaci haka. Wannan togaciya ta ƙofa mai sakata ita ce mafitar da kamfanoni da yawa ke bi yanzu. Matsalar ita ce kuɗi da fili: tsohon asibiti ba ya samun sabon ɗaki don kawai an yi hukunci.

Mene ne hujjar masu sauya jinsin?

Suna cewa wanda ya shekara goma yana rayuwa a matsayin mace, idan aka tura shi bandakin maza an jefa shi cikin haɗari da ba'a. Idan kuma aka ware masa na uku shi kaɗai, an tona masa asiri ga abokan aikin da ba su sani ba. Wasu sun ce suna ƙin shan ruwa a wurin aiki don kada fitsari ya matsa musu. Matan da ke ƙara kuwa suna cewa ba zargin kowa suke da mugun nufi ba. Tuɓe kaya a gaban wanda aka haifa namiji ne ba su yarda da shi ba, kuma ba sai sun kawo dalili ba.

Za a iya korar ma'aikaci don ya ce jinsi ba ya canzawa?

Tun shari'ar Maya Forstater, wadda ta rasa aikinta saboda wannan ra'ayi, a 2021, kotun ɗaukaka ƙarar ƙwadago ta ce wannan ra'ayi aƙida ce da doka ke kārewa. Riƙe ra'ayin halal ne. Muzanta abokin aiki da shi kuma laifi ne da kan jawo horo.

Musulma mai aikin jinya a can fa, me za ta yi?

Addininta yana cikin abubuwa taran nan, don haka tana da hurumin neman wurin da za ta cire hijabi ta sa kayan aiki ba tare da damuwa ba. Kada ta tari abokiyar aikin da kanta. Ta rubuta wa shugabanta, ta ajiye kwafi da kwanan wata, ta sanar da wakilin ƙungiyarta, kamar RCN ko Unison. Idan abin ya kai ga kotu, sai ta fara bi ta hukumar sasanci ta Acas, kuma wa'adin shigar da ƙara 'yan watanni ne kawai daga ranar da abin ya faru.