Gyaran tsohuwar kwamfutar gida da na'urar karanta disket

Gyaran tsohuwar kwamfuta aiki ne na tada na'urorin da aka ƙera don amfanin gida daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1990, tare da ceto abin da aka adana a faya-fayansu. Cikin sanannunsu akwai Apple II ta 1977, Commodore 64 ta 1982, da Amiga 500 ta 1987. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an fi jin sunan Thomson MO5 ta 1984, wadda Faransa ta rarraba wa makarantunta a 1985, da kuma Amstrad CPC 6128. A gari kamar Maraɗi, abin da mutum zai fi tsinta a ɗakin ajiya shi ne tsohuwar kwamfutar ofis mai tsarin IBM PC, da kwalin disket a gefenta.

Disket da yadda take aiki

Disket siririn faifai ne na roba wanda aka shafa wa sinadarin maganaɗisu, aka rufe shi cikin riga. IBM ya fito da mai inci 8 a 1971, Shugart ya kawo mai inci 5.25 a 1976, sannan Sony ya ƙera mai inci 3.5 a farkon shekarun 1980. Wannan ta ƙarshe ita ce ta cika ofisoshi, tana ɗaukar megabayit 1.44. Sony ya daina yin ta a 2011.

A cikin na'urar karatu faifan yakan juya sau 300 a minti, wani ƙaramin moto kuma yana tura kan karatu daga layi zuwa layi, layi 80 a kowace fuska. Kan yana gogar faifan kai tsaye, shi ya sa ƙwayar yashi guda ta isa ta ja zane a kansa, ta tafi da rubutun har abada.

Kafin a sa mata kuran

Kuskuren da ya fi kashe waɗannan na'urori shi ne ɗokin kunna su. Wadda ta shekara talatin a ajiye, buɗe ta ake fara yi. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan allon da aka dasa wa kayan lantarkin ciki, kyankyaso da kusu su yi gida, zanzaro ma yakan gina ɗakinsa a kafar iska. Ana share su da buroshi mai laushi, a duba tsatsa.

Sai gidan wuta, wato ɓangaren da ke karɓar kuran ya rage shi daidai buƙatar na'urar. Kuran ɗin Nijar bolt 220 ne, na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa 110 zuwa 120 take sha. A jona ta kai tsaye, ta ƙone nan take. Ko wadda ta dace da 220 sai an auna abin da gidan wutarta ke fitarwa. Na Commodore 64 ya yi ƙaurin suna: idan ya tsufa yakan zarce bolt 5, ya kashe ƙwaƙwalwar na'urar. Kondansatar ko kafasita, wato ƙaramin abin da ke tara wuta a cikin na'urar, takan bushe ko ta yi yoyo, zafin bazara kuma na gaggauta hakan. Ƙaramin batirin agogon kwamfutar shi ne mugun ɓoye, don ruwansa na cinye hanyoyin tagulla na allon. Cire shi ake yi tun ranar farko. Mai gyaran rediyo da ya iya narka dalma ya riga ya mallaki rabin sana'ar. Amma tsohon allon kallo mai ƙeya yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi, wanda bai ƙware ba kada ya buɗe.

Gyaran na'urar karatu

Yawancin ciwonta datti ne. Ana goge kan da auduga da alkol na izopropil, a hankali, ba tare da an ɗaga kan da ke karanta fuskar sama da ƙarfi ba. Giris ɗin sandunan da kan ke gudu a kansu yakan daskare, sai a wanke shi a ɗiga sabo kaɗan. A Amstrad CPC 6128, mai disket ɗin inci 3, igiyar robar da ke juya faifai takan narke ta zama kamar kwalta. Canza ta kawai kan tada na'urar. Ta Commodore, wato 1541, tana da tata matsalar: kan yakan riƙa bugun maƙura har ya goce daga layi. Daidaita shi na buƙatar faifan gwaji da na'urar awo, kuma bai kamata a taɓa kusoshinsa ba sai an tabbatar ba datti ne ba.

Ceto rubutun

Kwamfutar da ta mutu ana iya samun irinta a wani wuri. Lissafin ɗan kasuwa, wasiƙun iyali ko rubutun wani malami da aka buga a disket guda, babu madadinsu. Don haka ba a gwada na'urar da aka gyara da faifai mai daraja. Da na banza ake farawa. Ana zuge murfin ƙarfen disket a duba fuskarta a haske: idan laimar damina ta sa ta yi hunhuna, za ta lalata kanta ta kuma ɓata kan karatu, sai an tsabtace ta tukuna. A nisanta ta da lasifika da rana.

Wadda ta karantu, a kwafe ta gaba ɗaya a karon farko, don wata ba ta jure zagaye na biyu. Na'urar karatu mai USB ta wadatar ga disket ɗin PC mai inci 3.5, amma ba ta gane tsarin Amiga. Irin wannan sai ƙaramar na'ura kamar Greaseweazle, mai ɗauko alamun maganaɗisun yadda suke. Masu son ci gaba da aiki da kwamfutar sukan sa wata na'ura mai suna Gotek a gurbin na'urar karatu, ta riƙa karanta kwafin faifan daga makullin USB, asalin disket ɗin kuma a adana ta a tsaye cikin akwati mai rufi, a ɗaki mai sanyi.