Batirin jirgin sama ƙirar gida

Batirin jirgin sama ƙirar gida shi ne ke tayar da inji, shi ne kuma ke riƙe rediyo da na'urorin matuƙi idan dinamo ya mutu ana cikin tafiya. Ƙananan jiragen da mutum ke harhaɗawa da hannunsa sun fi yawa a Amurka, inda Paul Poberezny ya kafa EAA, ƙungiyar masu harhaɗa irin waɗannan jiragen, a 1953. A Nijar, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ANAC, ce ke da hurumin ba jirgi izinin tashi. Yawancin waɗannan jiragen wutar volt 12 suke amfani da ita, wasu 24.

Batir iri biyu aka fi sakawa: na dalma da na litiyom. Na dalma shi ne tsohon hannu, musamman rufaffen da ake kira AGM, wanda ruwansa ba ya zuba ko jirgi ya karkace. Aibinsa nauyi: wanda ake kira Odyssey PC680 ya kai kilo 7, alhali na litiyom nau'in LiFePO4 da zai yi wannan aikin bai cika kilo 2 ba. Sai dai litiyom ba ya jure cajin da ya wuce ƙa'ida. Yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta, abin da ya sa aka dakatar da jiragen Boeing 787 a Janairun 2013, ko da yake nasu wani nau'in ne da ya fi saurin kamawa. Don haka wajibi ne na litiyom ya zo da na'urar da ke lura da cajinsa, dinamon ma a sa masa abin da zai katse shi idan wutarsa ta haura.

A Damagaram babban abin dubawa shi ne zafi. Watannin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, kusa da inji kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Batirin dalma da ke zama a digiri 35 kan yi kusan rabin kwanan da zai yi a digiri 25. Gara a ɗaure shi a bayan bangon da ke raba inji da matuƙi, in kuma ya zama tilas a gaba, a yi masa kariya da hanyar shan iska. Batirin sola da ake samu a kasuwar Dole an yi shi ne don ba da wuta sannu a hankali, bai dace da tayar da inji ba.

Wurin ɗaurawa yana shafar daidaiton jirgi. Wanda ya cire na dalma ya sa na litiyom sai ya sake auna jirgin, don rage kilo 5 a hanci ko a wutsiya ba ƙaramin abu ba ne. A ɗaure akwatin a jikin ƙarfen jirgi da noti. Babban makunni ya zauna daf da batir, saboda wayar da ke tsakaninsu kullum da wuta a jikinta, ba fiyus. Na dalma mai buɗaɗɗen kai yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kashi 4 cikin 100 a cikin iska ya isa ta kama, shi ya sa ake ja masa bututu zuwa waje. Wajen kwancewa ana fara cire wayar da ke haɗe da jikin jirgi, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe.