Tsangwama a wurin aiki tana taɓa lafiya, kada a bar ta a "halin oga ne"

A aikin lafiya muna yawan karɓar masu ciwon kai da ba ya jin magani, da masu rashin barci, da waɗanda jininsu ya hau ba a san dalili ba. In ka zauna ka ja su da hira, wani lokaci sai ka tarar tushen ciwon yana wurin aiki. Wata ta ce tun dare gabanta ke faɗuwa in ta tuna gobe akwai aiki. Wani ya ce da ya ji takun shugabansa, tafin hannunsa ke jiƙewa da gumi.

Ba kowane faɗa ne tsangwama ba. Na gaba da kai yana da ikon gyara maka kuskure. Tsangwama ita ce wulaƙancin da ake maimaitawa a kan mutum ɗaya: a ci masa fuska a bainar jama'a, a ɓoye masa lokacin taro sannan a tuhume shi da rashin zuwa, a jibga masa aikin mutum uku a ce yau ake so, ko a ƙwace aikinsa a bar shi yana zaman banza. Ya shigo, a yi tsit. Ya fita, a bi shi da habaici a zauren WhatsApp na ma'aikata. Kuma ba shugabanni kaɗai ke yi ba, abokan aiki ma sukan haɗa baki.

Jiki ba ya bambance wannan da wani haɗari. Kullum yana cikin shirin ko-ta-kwana, sinadarin kotizol da jiki ke fitarwa a lokacin fargaba na yawaita, zuciya na bugu da sauri, barci na gudu. In abin ya daɗe, sai damuwa mai tsanani ta shigo. Shi ya sa nake jin ciwo in an ce wa mutum "yi haƙuri kawai" a tsaya nan. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya sauke hawan jini muddin abin da ke tayar da shi yana nan.

Binciken da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna fiye da mutum 1 cikin 5 na ma'aikatan duniya sun taɓa fuskantar cin zarafi a wurin aiki, kuma rabinsu ne kawai suka faɗa wa wani. Da yawa sun ce gani suke ɓata lokaci ne, wasu kuma suna tsoron zubar da sunansu. Tun 2019 ƙungiyar ta zartar da Yarjejeniya ta 190, wadda ta ce yin aiki ba tare da cin zarafi ba haƙƙi ne na kowa.

In kai ne abin ya shafa, fara da rubutu. Rana, lokaci, wuri, kalmomin da aka faɗa yadda aka faɗe su, da wanda ke wurin. Ajiye shi a gida, ba a kwamfutar ofis ba, ka kuma ɗauki hoton saƙonni kafin a goge. Mai tsangwama yakan ce "wasa nake yi" ko "kai ne ka cika ƙorafi", takarda ce ke ƙaryata shi. Kada ka rama da zagi, sai a juya laifin kanka. In kana ganin ba haɗari, gaya masa sau ɗaya cikin natsuwa cewa ya daina. In bai daina ba, kai ƙara a rubuce ga sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyarku ta ƙwadago, ka riƙe kwafi.

Ka zo asibiti in barci ya ƙi, ko cin abinci ya gagara, ka faɗa mana gaskiyar abin da ke faruwa. In har tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ranar nan za ka nemi taimako, ba gobe ba.

Ku kuma da ake yi a gabanku, kada ku yi dariya don a ga kuna tare da oga. Ku sami wanda aka wulaƙanta daga baya ku ce, "Na ga abin da aka yi maka, in ana neman shaida zan bayar."