Ɗan Daudu a Duniyar Almara: Da Wane Suna Za a Kira Shi?

Matasan marubutan Katsina masu ƙago masarautun aljanu da mayaƙa suna zubawa a WhatsApp kan ci karo da wannan matsala: namiji mai ɗabi'ar mata, ko mai son jinsinsa, ya shigo labari, an rasa sunan da za a ba shi.

Zan iya sa LGBTQ a bakin jarumaina?

In duniyar taka ba ta san Amurka ba, a'a. Can waɗannan haruffa, taƙaitaccen sunan Turanci na masu son jinsinsu da masu sauya jinsi, suka taso a ƙarshen ƙarni na 20, cikin gwagwarmayar neman 'yanci. Sarki mai takobi da sulke ya furta su, mai karatu zai ji banbaraƙwai.

To, in ce ɗan daudu kawai?

Shi ma da tarihinsa. A ƙasar Hausa daudu matsayi ne da sana'a: tuƙa tuwo da suyar kaji a bakin tasha, girkin biki, salon magana, da tsohuwar alaƙa da bori, inda ake danganta su da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori. Da yawansu na da mata da 'ya'ya. Sunan bai faɗa maka wanda zuciyar mutum take so ba. In ƙasar da ka ƙago ba tasha ba bori, tambayi kanka wa ya raɗa musu suna. Fada ce, malamai ne, ko yaran unguwa masu tsokana? Su kuma me suke kiran junansu in sun keɓe? 'Yan daudu dai "ƙawa" suke cewa, babba kuma "uwa".

Dole tsarin maza da mata ya zama irin namu?

Ba dole. Tarihin baka na Daura ma ya ce mata ne ke sarauta kafin Bayajidda ya kashe macijin Kusugu ya auri Daurama.

Addini da doka fa?

Katsina na bin shari'ar Musulunci tun 2000, dokar tarayya ta 2014 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Ka san inda kake rubutu. Duniyarka ma tana iya hani, tana iya kau da kai, sai dai ka nuna yadda hakan ke shafar rayuwar mutumin. Abin da ke damuna shi ne a shigo da shi don dariya kawai, ya karya murya, ya tafa hannu, ya fice. Ka ba shi uwa da yake ciyarwa, da bashin mai itace a wuyansa, da dalilin da ya sa fadawa ke tsoron bakinsa.