Tagar alminiyom da ta roba a Kano: tambayoyi da amsoshi kan wanki da kulawa

Duk wanda ya zaga unguwanni irin su Hotoro, Rijiyar Zaki, Ɗanbare ko Mariri zai ga cewa tagar katako da ta ƙarfe sun ja baya. Sabon gini yanzu sai tagar alminiyom mai zamewa, wasu gidajen kuma sun fara sa ta robar nan mai ƙarfi da ake kira PVC. Masu sayarwa kan ce ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, ba ta buƙatar fenti. Duk gaskiya ne. Sai dai jama'a sun ji wannan sun ɗauka ba ta buƙatar komai. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Tagar da take zamewa da yatsa ɗaya lokacin da aka sa ta, me ya sa yanzu sai da hannu biyu?

Ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta sauke mana ita a Kano. Ga kuma tamu ta gida, ta titunan da ba kwalta da ta wuraren gine-gine. Wannan ƙurar ba gilashi take kashewa ba, layin ƙasa take kashewa, wato inda murfin tagar yake gudu.

Ku je ku buɗe tagar ɗakinku ku leƙa wannan layin da fitilar waya. Za ku tarar da yashi mai laushi ya kwanta a kusurwa, ga matattun ƙwari, ga karyayyun tsinken tsintsiya, ga kashin ƙadangare, wani lokaci har da kwabo ko ɗankunnen da yara suka jefa aka yi ta nema. A ƙarƙashin kowane murfi akwai ƙananan tayoyi, yawanci na roba, su ne suke ɗauke da nauyin gilashin. Idan yashi ya shiga tsakiyarsu sai su daina juyawa. Mai gida bai sani ba, yana ta ja da ƙarfi, tayar tana gogar layi a wuri ɗaya har gefenta ya cinye ya zama shafaffe. Daga nan ko an share layin tas, tagar za ta riƙa tafiya tana tsalle tana ƙara. Idan aka ci gaba a haka, layin alminiyom ɗin kansa yake cinyewa, kuma canza shi ya fi canza taya tsada nesa ba kusa ba, don sai an taɓa firam.

To ta ina ake fara wankin?

Da shara, ba da ruwa ba. Nan ne yawancin gidaje suke kuskure. Ranar Asabar za a ba yara bokiti da tsumma, su sheƙa wa taga ruwa daga sama, ƙurar wata uku ta koma taɓo ta gangara cikin layi, rana ta fito ta busar da ita ta yi tauri. An wanke gilashi an toshe taga.

A fara da busasshen buroshin fenti, a kakkaɓe firam daga sama zuwa ƙasa. A bi layin da tsohon buroshin haƙori, a tono kusurwoyi da tsinke, a kwashe dattin waje ɗaya. Wanda yake da na'urar zuƙar ƙura ya huta. Sai bayan nan a kawo ruwa mai ɗan ɗumi a ɗiga masa sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan, a jiƙa tsumma mai laushi a matse, a goge firam da layi. A sake bi da ruwa mai tsabta, a tsane da busasshen tsumma. Gilashi shi ne na ƙarshe, kuma a wanke shi da safe ko da yamma. Idan rana tana dukan sa, ruwan sabulun zai bushe kafin a goge, ya bar zane-zane.

Busasshen gilashi mai ƙura kuwa kada a murje shi da busasshen tsumma. Cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi masu kaifi, su ne suke barin siraran zanen da ake gani idan hasken yamma ya haska tagar.

Sau nawa? A ganina, lokacin hunturu a share layin duk mako, aikin minti kaɗan ne. Babban wanki kuma sau biyu a shekara ya isa: ɗaya bayan hazo ya ɗauke kafin ruwan farko, ɗaya bayan damina ta wuce.

Toka da kanwa suna fitar da tukunyar alminiyom fes. Me zai hana a yi wa taga da su?

Tukunya daban, taga daban. Tukunya idan an kankare ta ba wanda ya damu, gobe ma wuta za ta hau. Firam ɗin taga kuwa yana da wata siririyar fata da aka yi masa a masana'anta, ko dai ta hanyar lantarki ko fentin gari da ake gasawa a jikinsa. Wannan fatar ce take ba shi launi, ita ce kuma take kare shi. Alminiyom ba ya jure abu mai kaifin kanwa. Toka, kanwa, sabulun soda, ruwan siminti, da ruwan farar da kaya irin su Hypo, duk suna cin wannan fatar su bar tabo fari-fari ko toka-toka wanda ba ya fita har abada. Garin omo ma idan aka zuba da yawa aka bari ya bushe a jiki yana dusashe launi. Soson ƙarfe kuwa zane yake yi, zanen ya zama maɓoyar datti.

Abu guda da ya shafi rai: kada a taɓa haɗa Hypo da ruwan khal ko ruwan wanke masai mai asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, musamman a ƙaramin banɗaki.

Tawa ta roba ce, fara, amma ta fara komawa ruwan ƙwai. Akwai magani?

Sai an duba ko datti ne ko rana. A wanke wani ɗan wuri da ruwan sabulu. Idan farin ya dawo, jar ƙura ce da hayaƙin girki ko na janareta suka zauna, wanki ya isa. Idan bai dawo ba, rana ce ta ci robar. Masana'antu masu kyau suna zuba wa PVC wani farin sinadari da ke kare ta daga zafin hasken rana. Mai arha ana rage mata shi, kuma ranar Kano ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Irin wannan canjin launi ba sabulun da zai mayar da shi.

Abin da ya fi ɓata tagar roba a gidajenmu shi ne tina, fetur da ruwan goge farce. Mai fenti ya gama aiki, ya ga ɗigo a firam, ya dangwalo tina ya goge. Ɗigon zai fita, amma ƙyallin robar ya tafi tare da shi, wurin ya zama mai kama datti fiye da da. Fentin ruwa idan bai daɗe ba, ruwan ɗumi da farce ko tsohon katin waya suna ɓamɓare shi.

Wani ya ce in zuba baƙin mai ko giris a layin. Daidai ne?

A'a. Kwana biyu tagar za ta yi santsi, a kwana na bakwai mai da ƙura sun haɗu sun zama baƙin kwaɓi mai cin taya da ɓata labule. Man gyaɗa da basilin ma haka suke. Ƙari a kan haka, man da aka samo daga fetur yana kumbura baƙar robar da ke riƙe gilashi har ta saki.

Layi mai tsabta yawanci ba ya neman komai. Idan ana son ƙarin santsi, a nemi feshin silikon mai sa santsi, ba silikon ɗin liƙe firam ba, a fesa a tsumma a shafa, ba a fesa kai tsaye ba. Wanda bai samu ba ya goga guntun kyandir sama-sama a kan layin, tsohuwar dabarar kafintoci ce kuma ba ta tara ƙura kamar mai. Hinji da cikin makulli su ne suke son ɗigo ɗaya na man keken ɗinki sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge abin da ya tsiyayo.

Duk lokacin da aka yi ruwa da iska sai ruwa ya gangaro bangon ɗakina ta ƙarƙashin taga. Aikin ne bai yi kyau ba?

Mai yiwuwa, amma kafin a zagi mai aikin a fita waje a duba ƙasan firam. Akwai wasu ƙananan ramuka ko tsaga biyu ko uku da aka yi da gangan. Tagar mai zamewa dama ba a yi ta don ta hana ruwa shiga layi ba, an yi ta ne ruwan ya shiga ya fita ta waɗannan ramukan. Ƙurar hunturu tana toshe su. Zanzaro ma yana son su ƙwarai, ya kawo laka ya gina ɗakinsa a ciki. Akwai kuma magina da masu fenti da suke ganin ramin su ɗauka kuskure ne, su cike shi da siminti ko silikon don gwaninta. Ruwan Agusta ya zo ya cika layi ya rasa hanya, sai ya malalo ciki, fentin bango ya kumbura.

Gwajin mai sauƙi ne. A zura tsinke ko siririyar waya a buɗe ramukan, a zuba ruwa kofi ɗaya a layin daga cikin ɗaki, wani ya tsaya a waje ya gani ko yana fita. A yi wannan a watan Mayu, kafin hadarin farko mai zuwa da guguwa.

Idan ramukan a buɗe suke amma ruwa bai daina ba, a duba silikon ɗin da ke tsakanin firam da bango. Zafi yana busar da shi ya tsage. A kankare tsohon gaba ɗaya, a bar wurin ya bushe, sannan a sa sabo. Sabo a kan tsoho ba ya kamawa.

Na wanke gilashi amma akwai fararen ɗigo-ɗigo da suka ƙi fita.

Ruwan rijiya ko na burtsatse ne ya bushe ya bar gishirin da ke cikinsa. A gauraya ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ko a matse lemon tsami, a shafa a gilashin kaɗai, a jira minti biyar, a ɗauraye a tsane. Kada a bar shi ya kwana a firam. Idan gilashin an manna masa ledar duhu, ruwan sabulu kawai, ban da reza.

Ina kan gini. Me zan kiyaye?

Mafi yawan tagogin da suka lalace tun suna sababbi, a lokacin gini suka lalace. Idan da hali a bar sa taga sai an gama filasta. Idan dole ne a sa da wuri saboda tsaro, a rufe ta da leda, siminti kuma in ya fantsama a wanke shi nan take yana ɗanye. Mai walda da zai haɗa ƙarfen taga ya kare gilashin da kwali ko katako, domin tartsatsin walda da na injin yanka suna narkewa su nutse cikin gilashi, su bar baƙaƙen ɗigon da ba ya gogewa. Ledar da masana'anta ta manna a firam kuwa a cire ta da zarar aiki ya ƙare. Wasu suna barin ta don a san tagar sabuwa ce. Bayan bazara ɗaya gam ɗinta zai gasu a jiki, cire shi ya zama aikin yini.

A kuma kula da sukurorin da ake ɗaure firam. Na baƙin ƙarfe suna tsatsa, tsatsar ta zubo ta ɓata firam, kuma inda ƙarfe ya haɗu da alminiyom cikin laima wurin yana cinyewa. A nemi waɗanda ba sa tsatsa tun wajen sayayya, ko a Ƙofar Ruwa ko a Sabon Gari.

Ragar sauro fa?

Idan mai fita ce a ɗaga ta a cire, a kwantar a tsakar gida, a wanke da buroshi mai laushi. Idan ba ta fita, jiƙaƙƙen soso ciki da waje. Raga mai ƙura tana tare iska, ɗaki ya yi zafi, mutane su buɗe ta da dare, sauro ya shigo. A duba huda kafin damina. Canza ragar ba ya buƙatar canza firam ɗinta.

Tsakanin alminiyom da roba, wacce ta fi dacewa da Kano?

Kowacce da inda ta fi. Alminiyom yana ɗaukar zafi ya shigar da shi ɗaki, ku taɓa baƙin firam da azahar a watan Afrilu ku ji. Roba ba ta haka, kuma irin mai buɗewa da hinji tana rufuwa ruf, ta fi tare ƙura da ƙarar titi. Amma roba tana miƙewa da zafi kusan ninki uku na alminiyom. A garin da zafin bazara yake kai digiri 40, daren hunturu kuma ya sauka ƙasa da 15, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Firam mai tsawon mita 2, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, na alminiyom zai ƙara kamar milimita 1.4, na roba kuwa kusan milimita 4. Shi ya sa tagar roba takan cije da rana ta saki da yamma idan mai sa ta bai bar mata sarari ba, ko kuma babu ƙarfe a cikinta da zai hana ta lanƙwasa.

Ni dai abin da nake dubawa shi ne wa zai gyara idan ta lalace. Masu aikin alminiyom suna kusan kowane babban titi a Kano, taya da makulli da roba duk ana samu. Kayan gyaran PVC ba su kai haka yawa ba, don haka mai son ta ya tambayi mai sayarwa tun farko inda zai samu hinji da hannu idan sun karye.

Yaushe ne aikin ya fi ƙarfin mai gida?

Sukurun hannu da ya yi sako-sako, sukundireba ya isa. Amma idan murfi yana gogar layi bayan an share, ko makulli ya daina haɗuwa da mazauninsa, ko robar gilashi ta fita har gilashin yana kaɗawa idan mota ta wuce, a kira mai aikin alminiyom. Yawancin tayoyin suna da sukurun da ake ɗaga murfi ko sauke shi, wanda ya san aikin zai daidaita cikin minti goma. Idan za a canza taya a canza duka biyun, kuma a tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, don girmansu ba ɗaya ba ne. Gilashin da ya tsage a canza shi, salatif ba ya riƙe shi ranar guguwa. Tagar bene kuwa kada a tura yaro ya leƙa ta waje da tsumma. Yawancin murafen suna fita idan aka ɗaga su sama aka jawo ƙasansu ciki, sai dai suna da nauyi, mutum biyu ake so, ɗaya ya ɗaga ɗaya ya tare.