Shirin "kai tsaye" da ake riƙewa kafin ya iso gidanku

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo a Garwa sun saba da wannan: mai rediyo a bakin ƙofa ya riga ya yi ihun an ci, a talabijin kuwa ɗan wasa bai ko buga ba. Tazarar tauraron ɗan adam ce, ba hannun kowa a ciki. Akwai kuma jinkirin da tasha ke sakawa da gangan.

Na'ura ce ke riƙe sauti da hoto na 'yan daƙiƙu, a Amurka galibi bakwai, kafin a sake su. Ma'aikaci yana zaune a ɗakin sarrafa shiri, hannunsa kusa da maɓalli. Mai kiran waya ya yi zagi, ko baƙo ya ɗora wa wani laifi ba hujja, sai a danna: maganar ta ɓace, ko a juya hoto kan mai gabatarwa, ko a sako talla. Tashoshin Amurka sun ƙara rungumar dabarar bayan Super Bowl na 2004, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, da hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ci tarar tashar CBS dala 550,000 saboda tsiraicin da ya fito kai tsaye a lokacin hutun rabin wasa, tarar da kotu ta soke daga baya.

Me ya sa tashoshinmu za su so ta? Domin abin da baƙo ya faɗa, a wuyan tasha yake. A Kamaru, dokar shugaban ƙasa ta 2012 ta ba Majalisar Sadarwa ta Ƙasa, CNC, ikon gargaɗi da dakatarwa. A Afrilun 2022 ta dakatar da shirin muhawara na Droit de réponse na tashar Equinoxe TV na wata guda, bisa zargin ba a ja wa baƙo linzami ba. A Chadi, hukumar kula da kafofin watsa labarai, HAMA, ke wannan aiki.

Tsare mutuncin mutum daga ƙazafi abu ne mai kyau, ban da ja. Damuwata ita ce, maɓallin bai san bambancin zagi da kukan malamin da ba a biya albashi ba. Mai danna shi yana tsoron a rufe tasha, kuma mai tsoro yakan yanke fiye da abin da doka ta hana. Mai kallo a Marwa bai ma san an yanke ba, don ba ya ganin gurbin. Ya kamata tashar da ke jinkirta shiri ta rubuta haka a fuskar talabijin, ta kuma bayyana irin maganar da take cirewa.