Taron Shekara na Ƙungiyoyin Ƙauye a Ƙasar Zazzau: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin taro ne wannan?

A garuruwan da ke kewaye da Zariya, daga Bomo da Shika har Hunkuyi, Maigana da Makarfi, da wuya ka ga inda babu ƙungiya: ta cigaban gari, ta gama-kai ta manoma, ta matasa, ta mata masu adashi. Sau ɗaya a shekara 'ya'yan ƙungiya kan hallara a filin firamare ko ƙofar gidan dagaci, a duba abin da aka yi bara, a tsara na bana. Tushen abin gayya ce, irin wadda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya. Abin da ya ƙaru shi ne ma'aji da sakatare da littafin rajista.

Me ya sa aka fi yin sa bayan kaka ko da Sallah?

Da damina kowa na gona, aljihu kuma ba komai. Sai an cashe masara an kai kasuwa ake iya biyan karo-karo. Da Sallah kuwa 'yan garin da ke aiki a Kaduna, Kano ko Legas sun dawo gida.

Me ake tattaunawa?

Burtsatsen da ya daina ba da ruwa, kwalbatin da ruwa ya cinye, rufin ajin da iska ta yaye, katangar maƙabarta, da yadda za a haɗa kuɗi a sayi taki a sari tun kafin ya yi tsada. A wajajen Giwa, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, maganar 'yan sintiri kan sha gaban komai.

Wane ɓangare ne ya fi muhimmanci?

Karanta lissafi. A ganina taron da ba a yi wannan ba, ba a yi taro ba, ko da an kafa rumfuna goma. Ma'aji ya miƙe da littafinsa, ya faɗi abin da ya shigo wata-wata, wa ya biya, wa ake bi bashi, nawa aka ba birkila, nawa ya rage a asusu. Sai ka ga dattijo ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Malam ma'aji, a gafarce ni, buhun siminti nawa aka ce an saya? Ni dai da idona na ga an sauke ashirin." Wannan tambaya ba cin fuska ba ce. Mai gaskiya zai zaro rasit ya miƙa. Ƙungiyoyi da yawa ba talauci ya kashe su ba, kunyar tambayar babba ce ta kashe su: aka yi shiru a wurin taro, aka koma zaure ana gunaguni, watan gaba kowa ya riƙe kuɗinsa.

Laifi ne a gayyaci 'yan siyasa?

Ba laifi, amma a gama maganar gida kafin su iso. In ba haka ba, jiran babban baƙo da jawabai za su cinye yinin. Alkawarin da ya ɗauka kuma sakatare ya rubuta, a karanto shi baɗi.

Ina mata?

Sau da yawa suna cikin gida suna dafa abincin baƙi, alhali su suka fi sanin wahalar ruwa da nisan asibitin haihuwa. Hanya mai sauƙi ita ce su yi nasu zaman kwana ɗaya kafin taron, su turo wakilai da buƙatunsu a rubuce, a karanta su cikin ajanda.

Wa kuma ya kamata a kira?

Malamin gona. Samaru na nan kusa: cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda tushenta ya faro tun 1922, ita ke fitar da irin masara na SAMMAZ da na wake SAMPEA, ga kuma NAERLS mai wayar da kan manoma, duk a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A aika da takardar gayyata da wuri, a kuma ba shi lokacin amsa tambayoyi kafin azahar, tun mutane ba su fara zamewa ba.